Baka mai kunama ko baka na tsaye: inda sabon maharbi ke tafka kuskure

Saurayi a unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi zai kalli bidiyon farautar Amurka a waya, sai ya aika wa yayansa da ke waje cewa a sayo masa baka. Iri biyu ne a gabansa: na tsaye, wanda ake ja da hannu irin na kakanni, da mai kunama, wanda ke kwance a kan gindi kamar bindiga, ana ɗana shi a ajiye har lokacin harbi. Tun daga zaɓen ake fara ɓata kuɗi.

Babban kuskure shi ne ɗaukar mai kunama a matsayin bindiga marar ƙara. Siffar ce kawai. Ƙarfin jansa kan kai kilo 70 zuwa 90, na tsaye kuwa na farauta kilo 18 zuwa 32, amma nisan da ya dace a harbi dabba da su kusan ɗaya ne, mita 30 zuwa 40. Kibiyar mai kunama na gudun mita 100 da wani abu a daƙiƙa, sauti kuwa na yin mita 340. Ke nan gada za ta ji ƙarar tsarkiya kafin kibiya ta iso, ta duƙa ko ta zabura. Kuma mai kunama ya fi na tsaye ƙara. Maganin abin shi ne ka matso kusa, ka bar biye wa lambar gudu da ke jikin kwali.

Sai masu raina mai kunama, wai na ragwaye ne. Tambayi kanka tsakani da Allah, sau nawa a mako za ka yi atisaye? Na tsaye yana son kafaɗa ta saba, hannu ya riƙa tsayawa wuri ɗaya a gefen baki duk lokacin da ka ja. Wannan aikin watanni ne. In kana shago a kasuwar Kejetia daga safe har magariba, mai kunama ya fi maka, don cikin ɗan lokaci za ka iya saiti da shi. Sai dai ka san yana da nauyi, kilo 3 zuwa 4, ga faɗi. A cikin kurmi da gonakin koko na ƙasar Asante kunnuwansa sai sun yi ta sarƙewa a reshe, kuma in ka kuskure harbin farko, kafin ka taka shi a ƙasa ka sake ɗanawa da igiya, nama ya yi gaba.

Wanda ya zaɓi na tsaye kuma yakan sayi wanda ya fi ƙarfinsa don a ce namiji ne. In sai ka ɗaga baka sama kana nishi kafin ka ja, ya yi maka yawa. Gyazbi da gada ba sa buƙatar baka mai jan kilo 30. A auna tsawon janka ma, don bakan zamani mai wili a kunnuwa ana saita shi ne daidai da hannun mai shi.

Abin da aka fi mantawa, a ganina, shi ne gyara. Tsarkiya na cinyewa, ga laimar Kumasi da ke sa bakin kibiya tsatsa. Baka marar wili kai da kanka za ka sauya masa tsarkiya. Mai wili, na tsaye ne ko mai kunama, yawanci sai da na'urar matse shi. Don haka a haɗo maka da tsarkiyar ajiya, da kakin shafa mata, da kibau masu yawa. Na mai kunama gajeru ne, inci 20 zuwa 22, kada ka haɗa su da na tsaye. Kada ka taɓa sakin tsarkiya ba kibiya a kai, baka na iya tsagewa. Yatsun hannun da ke tallafe da mai kunama kuma su zauna ƙasa da hanyar tsarkiya, don tana datse babban yatsa.

Kafin kuɗi su bar hannunka, je ofishin sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji ka nemi lasisi, ka tambaye su da 'yan sanda ƙa'idar shigo da makamin. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba ana rufe farauta a Ghana, in ban da gyazbi, wanda Asantawa ke kira akrantie, shi ma sai da lasisi. Dafi kuwa bar shi ga tarihi, kibiyar zamani da kaifi take kisa, sai ka wasa bakinta sosai. Ka yi bisimilla lokacin da kake sakinta, in kuma ka tarar da dabbar da sauran rai, ka yanka.