Yadda ake raba wa yara maganin rigakafin zazzaɓin damina gida-gida

Duk wanda ya yi damina a Gadarif ko Mai Wurno a ƙasar Sudan ya san cewa zazzaɓin cizon sauro ba ya tsananta da ruwan farko, sai kududdufai sun kwanta, sannan ya bi yara har cikin kaka. Tun shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wata dabara wadda 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar da Chadi suka saba da ita, wato a bai wa yaro mai lafiya magani sau ɗaya kowane wata a lokacin damina, tun daga mai wata 3 har zuwa wanda bai cika shekara 5 ba. Idan hukumar lafiya ta ɗora wa unguwarku irin wannan aiki, ga yadda ake tafiyar da shi.

A fara da mai unguwa da limamai da unguwarzoma, domin ƙofar da suka yi wa magana ba ta wuyar buɗewa. Masu rabo su fita bibbiyu, kuma ya fi kyau a sami mace a cikinsu, tunda ita ce za ta iya shiga har tsakar gida.

Kafin a ɓare ƙwaya, sai an yi wa uwa tambayoyi. Yaron da jikinsa ke da zafi ba a ba shi, asibiti ake tura shi a gwada jininsa. Haka kuma ba a bai wa wanda ke shan Septrin, ko wanda ya sha irin wannan magani cikin mako 4 da suka wuce, ko wanda jikinsa ya taɓa yin ƙuraje bayan shan magani mai sinadarin salfa. Ƙunshin maganin iri biyu ne, na 'yan wata 3 zuwa 11 da na 'yan wata 12 zuwa 59, saboda haka a tabbatar da shekarun yaro, kada a dogara ga girman jikinsa.

A rana ta farko ana narka ƙwaya biyu a ɗan ruwa mai tsabta, ɗaya Fansidar ɗaya amodiyakwin, yaro ya sha a gaban mai rabo. Idan ya yi amai kafin minti 30, a bar shi ya huta kaɗan, a sake ba shi sau ɗaya. Daga nan a cike katinsa na shaidar shan maganin, a yi wa ƙofar gidan alama da alli.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne bayan masu rabo sun tafi. Ana bar wa uwa ƙwaya biyu na amodiyakwin, ɗaya ta gobe ɗaya ta jibi, kuma a nan ne wata za ta manta saboda aikin gona, wata ta ajiye sai ranar da yaro ya kwanta, wata kuwa ta gutsura wa yayansa don tausayi. A ganina, minti biyar da mai rabo zai ɓata yana bayani, har uwa ta maimaita masa da bakinta, ya fi gida goma da zai ƙara a lissafinsa. Yana da amfani a haɗa shan maganin da lokacin da ba a mantawa, kamar bayan karin kumallo, kuma a gaya mata cewa ƙarfinsa yana raguwa bayan mako huɗu, don haka za a dawo bayan kwana 28, yawanci har zagaye huɗu.

Kada kowa ya sayo waɗannan ƙwayoyi a kantin magani ya shiga rabawa da kansa. A shekarar 2017 Sudan ta sauya maganin farko da ake bai wa mai zazzaɓi, ta bar haɗin da ke ɗauke da Fansidar saboda ƙwayar cutar ta fara jure masa, shi ya sa hukuma ce kaɗai ke da hurumin cewa ga yankin da dabarar ta dace da shi. Yaron da ya sha maganin zai ci gaba da kwana a cikin gidan sauro, kuma idan zazzaɓi ya kama shi a tsakanin zagaye biyu, a kai shi gwaji a ranar, a tafi da katinsa domin likita ya ga abin da ya sha.