Yadda ake zanen barkwanci daga tsakar gida

Duk wanda ya zauna a tsakar gida a Tawa da hantsi, lokacin da ake daka gero domin fura, yara na rigima a kan ludayi, akuya kuma na leƙen faifai, ya riga ya ga abin da zai zana har ƙarshen wata. Abin da ya rage masa shi ne ya koyi kama shi a takarda.

Kayan aikin ba su da tsada. Fensir mai lamba HB ya isa zayyanar farko, 2B kuma ya fi shi laushi da duhu, saboda haka da shi ake yin inuwa. A haɗa da abin gogewa da ƙaramin littafi marar layi wanda zai shiga aljihu. Wanda ya yi karatun allo yana da wata dama, domin tawadar gawayi da ƙaro, tare da alƙalamin kara, suna ba da layi mai kauri a nan da siriri a can, irin wanda biro ba ya bayarwa.

Matakin farko kallo ne. Ka yi mako guda kana zanen mutanen gidanku cikin daƙiƙa 30 ko minti guda, ba tare da ka tsaya kan fuska ba. Ka ja layi ɗaya daga kai zuwa diddige wanda zai nuna yadda jikin ya karkata: durƙuson mai hura gawayin shayi, miƙewar mai ɗaga taɓarya, lanƙwasar yaron da aka sa fifita ga kakarsa a zafin watan Afrilu har barci ya sace shi da mafici a hannu. Idan wannan layin ya fito daidai, mai kallo zai gane mutumin ko da ba ka sa masa ido da hanci ba.

Daga nan sai zaɓen lokaci, kuma a ganina nan ne yawancin masu koyo suke yin kuskure. Sukan zana ɓarnar bayan ta auku, ƙwarya a kife, uwar gida tana salati. Abin dariyar ya fi ƙarfi gab da aukuwarta. Ka zana uwar gida ta juya baya tana gaisawa da maƙwabciya ta saman katanga, "Ina kwana, ina gajiya, yaya yara?", alhali bakin akuya saura ɗan yatsa ya taɓa geron da aka shanya, ga kuma ƙaramin yaro a gefe ya gani ya toshe bakinsa da hannu. Mai kallo ya san abin da ita ba ta sani ba, shi zai ƙarasa labarin da kansa. Ka ƙara girman abu ɗaya kawai, wuyan akuyar ko idon yaron, sauran ka bar su yadda Allah ya yi su.

Sai batun wanda ya halatta a tsokana. Wasan barkwanci na ƙasar Nijar, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam a 2014, ya riga ya shata iyaka: jika yana wasa da kaka, taubashi da taubashi, amma tsakanin mutum da surukinsa kunya ce. Ka bi wannan a takarda. Kada naƙasa ko talaucin wani ya zama abin dariyarka, kuma kafin zanen ya fita waje ka kai wa mai shi, ka ce, "Inna, ki duba, in bai yi miki ba in yage." Musamman zanen matan gida, kada ya hau Facebook ko WhatsApp sai da yardarsu.

Idan an amince, ka bi layukan da tawada, ka jira ta bushe sarai kafin ka goge fensirin, in ba haka ba za ta dame. Magana a ƙarƙashin zanen kada ta wuce jimla ɗaya, da irin Hausar da aka faɗe ta a gidan. Hoton kuwa ka ɗauke shi da waya a inuwa da rana, takardar a shimfiɗe, wayar a saitin tsakiyarta, sa'an nan ka adana asalin cikin leda saboda ƙurar hunturu da gara.