Yadda Ake Karanta Bakin Doki Lokacin Horo

Duk shekara in Sallah ta gabato a nan Damagaram, da la'asar sai ka ga samari sun fito da dawakai bayan gari, kowa na son ranar hawa a gan shi cikin ayarin da zai rako Mai Martaba zuwa fada a Birni. To a 'yan makonnin nan ne ake lalata bakin dawakai da yawa. Za ka ga yaro bisa duƙushi, dokin ya wangale baki, harshe a waje, yana kaɗa kai sama da ƙasa, shi kuwa yaron sai ƙara fizgar kamazuru, wato igiyar linzami, yake yana cewa taurin kai ne. Ni ma na yi wannan aika-aika da hannuna. Ba zan tsaya koya maka ɗaura sirdi ko jan majayi ba, wanda ya kai ga sa wa doki linzami ya wuce nan.

Abu na farko, ka san fuskar dokinka lokacin da babu abin da ke damunsa. Ka je turke da hantsi bayan ya ci harawa ya ƙoshi, ka samu wuri ka zauna, kada ka taɓa shi. Leɓensa na ƙasa zai saki har ya riƙa lilo, haɓarsa ta yi laushi, ƙofofin hanci a zagaye, kunnuwa sun ɗan kwanta gefe, ƙafar baya ɗaya a dogare kan bakin kofato. Ka ƙirga numfashinsa a kwiɓi: babban doki mai lafiya a hutawa yana yin 8 zuwa 16 a minti. Bugun jini kuwa, in ka sa yatsa ƙarƙashin muƙamuƙi, tsakanin 28 da 44 ne. Yi haka kwana uku, ka ɗauki hoton fuskar da wayarka. Wanda bai san wannan fuska ba, ko damuwa ta bayyana a gabansa ba zai gane ta ba.

Na biyu, kuma a nan ne zan daɗe, ka buɗe bakin ka duba kafin ƙarfe ya shiga. Tsakanin haƙoran gaba da turame, wato haƙoran tauna, akwai giɓi da babu haƙori, a nan linzami ke zama. Ka tsaya gefen kafaɗarsa, ka zura babban yatsa ta kusurwar leɓe, zai buɗe da kansa. In ingarma ne ka yi hankali da fiƙa, wadda ke fitowa tsakanin shekara 4 da 5. Shafa dasashin wannan giɓi ka ji: fata ce 'yar siririya bisa ƙashi mai kaifin baki, babu tsokar da za ta kare shi. Ka buga ƙwaurinka a turmi ka ji yadda zafin yake, to irin wurin ke nan da kake ɗora wa ƙarfe.

Dokin da ke tsakanin shekara 2 da rabi zuwa 4 da rabi yana famfara ne. Haƙoran nono na gaba suna faɗuwa bi da bi, turamen nono ma haka, kuma wani lokaci ɓawon tsohon haƙori yakan maƙale bisa sabon kamar hula, yana motsi yana sukar kunci. Akwai kuma wani ɗan mitsitsin haƙori da kan fito wa wasu dawakai daf da turmin farko na sama, daidai inda linzami ke bugawa in an ja.

Nawa duƙushin shekararsa 3, kili ne mai kyan ƙira, na saye shi saura mako biyar Sallar Layya. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma zumuɗi ya hana ni ji. Mako biyu na hau shi da ragama, wato igiyar kai marar ƙarfe a baki, lafiya lau, sai na ga ai lokaci na ƙurewa, na ɗauko linzamin gargajiya mai zobe na cusa masa. Ranar farko ya yi ta buɗe baki yana karkata muƙamuƙi gefe, na ce baƙunta ce. Rana ta biyu ya fara ɗaga kai sama da ya hango linzamin a hannuna, na sa yara biyu suka riƙe min kunnensa. Rana ta huɗu, muna cikin sassarfa a rairayi na ɗan ja, sai ya miƙe tsaye kan ƙafafun baya, na sulmiyo ta bayan sirdi. Tsohon da ke kula da bargar maƙwabcinmu ya zo bai ce min sannu ba, ya zare linzamin, ya goga farin gefen rawaninsa a kusurwar bakin dokin ya nuna min. Kumfar ba fara ba ce, ta yi ja-ja. Ya kama hannuna ya zura yatsana ciki, na ji ɓawon haƙori yana girgiɗi, kuncin kuma ya tsage ya yi taushi kamar daffafen nama. Ya ce, "Ɗana, kwana huɗu yana gaya maka." Na ce, "Baba, wallahi na ɗauka iskanci ne." Ban hau a wannan Sallar ba, kuma sai da na shafe wajen wata uku kafin dokin ya daina ɗaga kai in na kawo hannu kusa da bakinsa.

Saboda haka dokata ita ce, duƙushin da bai gama famfara ba ba ya ganin linzami mai zobe, ko wane ne ya ce a sa. Kuma kafin horo a kai shi wurin likitan dabbobi ya duba. Muƙamuƙin doki na sama ya fi na ƙasa faɗi, shi ya sa turamen sama kan yi kaifi ta gefen kunci, na ƙasa kuma ta gefen harshe, sai an goge su. In ka ga dunƙule-dunƙulen harawa da aka tauna aka zubar a gindin turke, ko gero yana fita a kashi bai narke ba, kada ka jira. Amma mutanenmu sun fi sauƙin ciro jakunkuna wurin baduku don kayan ado fiye da wurin likita. Wani abu kuma: ganɗar ƙaramin doki takan kumbura bayan haƙoran gaba lokacin famfara, wasu sai su tsaga ko su ƙona. Ku bar ta, da kanta take saɓewa.

Na uku, shi kansa linzamin. Na gargajiya yana da harshen ƙarfe da ke tashi ya daki ganɗa in an ja, zoben kuma ya matse muƙamuƙin ƙasa, ciwo biyu a ja ɗaya. A hannun gwani da tsohon doki, da ɗan yatsa ake sarrafa shi. A hannun ɗan koyo kuwa wuƙa ce. Fara da ragama, sannan linzami mai santsi mai gaɓa a tsakiya. In sabo ne daga maƙera, shafa shi a bayan hannunka, duk inda ya karce ka a bi shi da magagari. A watannin Afrilu da Mayu kada ka bar shi a rana, tsoma shi a ruwa kafin ka sa.

Na huɗu, ka hau, idonka da hannunka na sauraro. Ka riƙe wannan da kyau: doki ba ya numfashi ta baki, ta hanci kaɗai yake yi. Don haka in ya buɗe baki a guje, ba haki ba ne irin na kare, guje wa ƙarfe yake. Haka in ya janye harshe ya ɗora bisa linzami, ko ya fitar da shi gefe, ko yana cizon haƙora kana jin ƙarar, ko ya dunƙule wuya haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji, wanda 'yan kallo ke yi wa guɗa suna cewa taƙama ce. Harshen da ya koma shuɗi-shuɗi an danne masa jini. 'Yar farar kumfa a gefen leɓe ba komai, amma yawu mai dalala har ƙirji na nufin ya kasa haɗiya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne bakin da ya rufe gam. Leɓɓa sun matse, haɓa ta yi tauri kamar goriba, hanci ya miƙe ya daina zagaye, fatar saman ido ta tattare, farin ido ya bayyana, jela na kaɗawa babu ƙuda, kashi na zubowa ruwa-ruwa kaɗan-kaɗan. Ɗan koyo zai ce doki ya natsu. Wannan dokin ne ke zabura ba sallama.

Sai lasar leɓe da taunar iska. Da yawa suna murna in sun ga haka, wai doki ya gane karatu. A'a. Tsoro yana busar da baki, yadda naka ke bushewa in an kira ka gaban alƙali. In tsoron ya lafa yawu ya dawo, sai ya lashe ya haɗiya. Ma'anarsa yanzu ya samu sauƙi daga wani matsi da ka sa shi. In sau ɗaya ne bayan sabon abu, ba laifi, ka ba shi minti guda. In kuwa kowane zagaye sai ya yi, har da hamma a jere, ka yi masa yawa. Ɗan duƙushin da ke tafa baki yana buɗewa yana rufewa gaban manyan dawakai kuma roƙo yake kada a cuce shi, in ya yi maka haka ka ja baya.

Na biyar, da ka ga alama, saki kamazuru nan take, kada ka jira ya gama abin da ka sa shi. Koma kan abin da ya iya. Kada ka ɗaure masa baki da igiya don ya daina buɗewa, ciwon na nan, ka dai rufe shi. Maɗaurin hanci ya zama yatsu biyu na shiga ƙarƙashinsa. Minti 15 zuwa 20 sun ishi ƙaramin doki, da sanyin safiya.

Sauran kuma sabo ne: taro, algaita, kakaki, ƙarar bindiga. Kai shi nesa da inda ake kiɗa, ka tsaya inda leɓensa bai matse ba, gobe ka matsa kaɗan. Kullum in ka sauka ka goga farin ƙyalle a kusurwoyin bakinsa biyu, ka duba giɓin da yatsa. In ka ga ja, linzami ya koma rataye, a koma ragama har sai ya warke sarai.