Yadda ake zama makaɗin kilasikal mai zaman kansa

A shekarar 1781 shahararren makaɗi Mozart ya bar hidimar Babban Bishop na Salzburg, ya zauna a Biyana, babban birnin Austiriya, ba shi da ubangida. Kafin wannan zamani galibi makaɗi a Turai yaron wani ne, ko na sarki ko na coci, tamkar makaɗan fada a ƙasar Hausa. Wani babban makaɗi, Haydn, ya yi kusan shekara 30 yana hidimar gidan sarautar Esterházy. Mozart kuwa sai ya koma neman na tuwo ta koyar da fiyano, da shirya taron kiɗa da kansa, da rubuta kiɗa ga wanda ya biya. Wannan hanya ce ɗimbin makaɗan kilasikal, wato kiɗan gargajiyar Turawa da ake rubutawa a takarda, suke bi har yau, musamman a Ingila. Hatta manyan ƙungiyoyin kiɗa huɗu na Landan, London Symphony da London Philharmonic da Philharmonia da Royal Philharmonic, makaɗansu ba 'yan albashi ba ne, gwargwadon aikin da mutum ya yi ake biyan sa. Ga yadda ake shiga sana'ar.

Mataki na farko: abin kiɗa da malami

Masu goga bayolin da celo, wato gogen Turawa ƙarami da babba, da masu kaɗa fiyano galibi tun suna shekara 5 zuwa 7 suke farawa, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma ba kowane abin kiɗa ne ke rufe ƙofa ga wanda ya makara ba. Kayan busa da babban goge mai kaurin murya da ake kira bes suna karɓar wanda ya girma. Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, 'yar tseren gudu ce, sai da ta ji rauni a gwiwa tana shekara 18 sannan ta ɗauki bes. Ta zama gwana, kuma a 2015 ta kafa ƙungiyar Chineke! don buɗe hanya ga makaɗa baƙaƙen fata da sauran tsiraru a Turai.

Ka nemi malami ɗaya da zai riƙa ganin ka duk mako. Bidiyon intanet yana taimako, amma ba ya ganin yadda ka karkata wuyan hannu, kuma hannun da ya saba da kuskure yana cin shekaru kafin ya gyaru.

Mataki na biyu: karatun nota, wato rubutun kiɗa

A nan na fi son ka tsaya ka natsu. Makaɗinmu na gida da kunne yake ɗaukar kiɗa, kuma baiwa ce babba, kada ka yar da ita. Sai dai a wannan fage ana miƙo maka takarda ne, a ce buga. Landan ta yi suna a duniya saboda makaɗanta suna iya buga abin da ba su taɓa gani ba tun daga kallon farko. Dalilin kuwa kuɗi ne: lokacin bita yana da tsada, sau da yawa bita ɗaya ce ta awa uku da rana, da dare a hau dandamali. Wanda sai ya kai takarda gida ya kwana da ita ba shi da wuri a irin wannan aiki.

Saboda haka kullum ka ware minti 15 ka buga abin da ba ka sani ba. Kunna na'urar ƙirga bugu, ka fara, kuma ko ka yi kuskure kada ka tsaya ka koma baya, domin ƙungiya ba za ta jira ka ba. Idonka ya riƙa gaba da yatsunka.

Jarrabawar ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa da aka kafa a Landan a 1889, tana auna wannan tare da sauran abubuwa daga aji 1 zuwa aji 8, kuma ana yin ta a Najeriya. Kafin ka zauna aji 6 sai ka ci aji 5 na ilimin ƙa'idojin kiɗa ko makamancinsa. A Legas akwai cibiyar MUSON da ke Onikan, ƙungiyar raya kiɗa ta Najeriya da aka kafa a 1983, tana da makarantar difloma ta shekara biyu.

Mataki na uku: babbar makarantar kiɗa

Digirin farko a makarantun Ingila irin su Royal Academy of Music, wadda aka kafa a 1822, shekara huɗu ne, da yawa kuma suna ƙara biyu na digiri na biyu. Curtis da ke Filadelfiya a Amurka ba ta karɓar kuɗin karatu tun 1928, amma 'yan kaɗan take ɗauka. A Jamus yawancin makarantun gwamnati kuɗinsu kaɗan ne, sai dai dole ka koyi Jamusanci.

Shawarata: malami za ka bi, ba sunan makaranta ba. Ka nemi ya ba ka darasi ɗaya na gwaji kafin ka cika fom. Idan ka shiga kuma, kada ka kulle kanka a ɗakin bita kai kaɗai. Wanda kuke zama kujera ɗaya da shi yau, shi ne bayan shekara biyar za a tambaya, "Wa ka sani da zai iya zuwa gobe?"

Mataki na huɗu: gwajin ɗauka

Ƙungiyoyi ba sa cewa ka buga kiɗa sukutum. Suna da gutsattsarin wurare masu wuya da aka san su. Mai bayolin zai sha tambaya a kan shafin farko na kiɗan Don Juan na Richard Strauss da ɗaya daga cikin kwancatocin Mozart, wato kiɗan da makaɗi ɗaya ke ja gaba ƙungiya na rufa masa baya. Mai celo ba zai tsere wa kashi na biyu na simfoni na biyar na Beethoven ba, wato dogon kiɗan da dukan ƙungiya ke bugawa. Ka haddace su kamar sunanka, ka kuma saurari dukan kiɗan don ka san abin da sauran makaɗa ke yi a daidai wurin. Alƙalai suna gane wanda ya san gutsure kawai da wanda ya san gidan da gutsuren ya fito.

A wurare da yawa bayan labule ake bugawa, don kada a ga fuska ko launin fata ko a san mace ce ko namiji. A Ingila wanda ya ci ana sa shi zaman gwaji cikin ƙungiyar, abin da kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara. Ko ba ka samu kujerar ba, gwaji mai kyau yana sa a rubuta sunanka cikin jerin waɗanda ake kira idan an rasa mutum. Ga mai zaman kansa, wannan jeri shi ne gona.

Mataki na biyar: riƙon ƙwarya

Aikin farko kusan kullum ta nan yake zuwa. Wani ya yi rashin lafiya, ko ya samu aikin da ya fi tsoka, sai a neme ka ka riƙe masa. Al'adar ta daɗe. A 1904 jagoran kiɗa Henry Wood ya hana makaɗansa turo wakilai, sai da yawansu suka fice suka kafa London Symphony, suna mulkin kansu da kansu.

Mai kiran ka shi ne mai haɗa makaɗa, wanda a Landan ake ce wa fiksa. Idan ya turo saƙo ka amsa nan take, ko eh ko a'a, don yana da wasu sunaye a ƙasan naka. Idan ka ce eh, ta zauna. Kada ka janye don wani aiki mai ɗan ƙarin kuɗi ya ɓullo, maganar za ta zaga gari kafin mako ya ƙare.

Ranar aiki ka iso da rabin awa a hannu, ka zauna ka daidaita tsirkiyarka kafin mai busa obo, 'yar'uwar algaita, ya ba da sautin da kowa ke bi. Ka zo da fensir, ba biro ba, domin takardun na aro ne. Idan kana ɓangaren masu goge, biyu-biyu ake zama a takarda ɗaya, kuma na ciki, wanda ya fi nisa da 'yan kallo, shi ke juya shafi. Kada ka yi wa jagora tambaya kai tsaye, ta bakin shugaban sashenka ake bi. Kada ka waiwaya ka kalli wanda ya yi kuskure. Kada kuma ka riƙa gwada ƙwarewarka da ƙarfi a lokacin hutu, ko ka buga wurin da na wani ne. Wannan ya kan yi wa matasa wuya, don shekara goma sha wani abu ana koya musu su fita daban, yanzu kuma ana son sautinsu ya narke cikin na mutum goma sha biyar. Amma da wannan ake auna ka. Ana kiran mutum karo na farko don an ji ya iya, karo na biyu kuwa don an ji daɗin zama kusa da shi.

Mataki na shida: raba ƙafa

Da wuya ƙungiya ɗaya ta ciyar da kai. Koyarwa ita ce ginshiƙi, domin kuɗinta na shigowa duk mako. Sai kiɗan bukukuwan aure da na coci, da ƙaramar ƙungiya ta mutum huɗu da za ku kafa da abokai, da naɗar kiɗan finafinai a situdiyo irin Abbey Road, inda ake biya da kyau amma shiga sai da wanda ya tsaya maka. Ka tambayi kuɗin aiki kafin ka karɓa, ka shiga ƙungiyar ƙwadagon makaɗa don ka san mafi ƙarancin farashi, ka rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita. A Ingila kai za ka kai lissafin harajinka da kanka kafin ƙarshen Janairu. Ka kuma riƙa ajiya. A 2020 da korona ta rufe ɗakunan kiɗa, masu zaman kansu ne suka fi jin jiki, don littafin alƙawuransu ya goge cikin kwanaki, ba kuma albashin da za su jingina da shi.

Mataki na bakwai: jiki da kayan aiki

Ka yi wa abin kiɗanka inshora. Mai celo ya sani cewa a jirgin sama kujera biyu zai saya. Idan kafaɗa ko wuyan hannu ya fara ciwo, ka dakata ka ga likita tun bai yi nisa ba, kada ka ɓoye don tsoron a daina kiran ka. Kunne kuma ba ya dawowa idan ya tafi. A 2018 wani mai goga biyola, gogen da ya ɗan fi bayolin girma, ya yi nasara a kotu a kan gidan wasan kiɗa na Royal Opera House da ke Landan, bayan kunnensa ya lalace a wata bita ta 2012 inda aka zaunar da shi gaban masu busa ƙaho. Ka je a auna kunnenka a yi maka abin toshewa daidai da shi, irin wanda ke rage ƙara ba tare da dushe sauti ba, ka ajiye shi cikin akwatin abin kiɗanka tare da fensir da tsirkiyar canji.