Kurakuran da masu a-kori-kura suka fi yi wajen baƙin mai da fetur

Ranar da na kai Hilux ɗina juye, yaron gareji ko bonet bai ɗaga ba ya miƙo mini galan ɗin baƙin mai mai lamba 20W-50. "Alhaji, wanga zahi na Sakkwato sai mai kabri," in ji shi. To, nan yawancinmu muke faɗawa.

Ba musu, a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Sai dai injin da ke aiki yana wajen digiri 90 ne, a Sakkwato yake ko a Jos. Lambar ƙarshe da ke jikin galan, 30 ko 40 ko 50, kaurin man ce a digiri 100. Ta farko mai harafin W kuwa tana nuna saurin gudunsa idan inji ya kwana ya huce, kamar asubahin hunturu. Injinan yanzu, irin mai lita 2.7 na Hilux, hanyoyin mansu sirara ne. Mai kauri yakan yi nawa kafin ya kai sama da safe, a wannan ɗan lokacin ne ƙarfe ke cin ƙarfe. Gyaran ba wuya: duba littafin motar ko murfin wurin zuba mai, ka sayi lambar da aka rubuta. Tsohon injin da ya fara shan mai yana hayaƙi, shi kam ana yi masa uzuri da mai kauri kafin a samu kuɗin aiki.

Sai harafin da ba a kulawa da shi. A jikin galan, kusa da inda aka rubuta API, wato alamar ajin mai, za ka ga S ko C. Mai S, kamar SN ko SP, na injin fetur ne. Mai C, kamar CI-4, na dizal ne, an haɗa shi don ya ɗauke baƙin hayaƙin da injin gas ke tarawa. Na duro da ake aunawa a kwalba kuwa, ba lamba ba harafi, ni dai ba ya shiga motata. Galan ma a tabbata murfinsa a liƙe yake.

Wasu kuma sai mai ya koma kamar kwalta suke tunawa da juye. Motar da ke kwasar albasa daga Wurno ko Goronyo, cikin ƙura da lodi har sama, kada ta wuce kilomita 5,000. A canza filtar mai tare, a kakkaɓe filtar iska.

Batun fetur gajere ne, don gidajen mai a nan iri ɗaya suke sayarwa, ba zaɓin lamba. Tsabtarsa ce abin dubawa. Wanda ya ga gurɓataccen man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 ya san ɓarnar da ya yi wa injina. Na 'yan bumburutu a jarka yakan zo da ruwa ko yashi. In ta kama dole a hanyar Illela, a tace da tsumma mai tsabta. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kuma, da yawa suna yawo da ɗigon mai a tanki, alhali famfon da ke ciki da fetur ɗin yake samun sanyi.

Mai injin gas ya riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a gindin filta. In kuma aka yi kuskure aka zuba masa fetur, kada ya murɗa makulli ko sau ɗaya. A tura motar gefe, a kira bakanike ya juye tankin.