Karatun nas ga matar soja a Amurka: fara da ƙirga watannin da suka rage miki a gari

'Yar'uwa, idan maigidanki soja ne a rundunar Amurka kuma ba ki daɗe da isowa ba, kafin ki gama sanin hanyar kasuwa za ki ji an fara ce miki ki shiga karatun nas. Masu faɗa ba su yi ƙarya ba. Duk garin da aka kai ku akwai asibiti, akwai gidan kula da tsofaffi, kuma da wuya ki samu ba sa neman ma'aikatan jinya. Sai dai yawancin masu ba ki wannan shawara mutane ne da suka shekara da shekaru a gari ɗaya, babu mai zuwa ya ce su tattara komatsansu. Ke kuwa zamanki a hannun hukumar soja yake. Duk bayan shekara 2 ko 3 takardar canjin wurin aiki, wadda suke kira PCS, takan fito, galibi a tashi tsakanin watan Mayu da Agusta, kuma takardar ba ruwanta da cewa saura zango ɗaya ki gama makaranta.

Saboda haka tun kafin ki buɗe shafin wata makaranta, ki zauna da maigidan ku yi lissafi. Yaushe ya kama aiki a wannan barikin? Yaushe ake sa ran ɗaga shi? Yaushe wa'adin da ya sa wa hannu zai ƙare, kuma yana da niyyar sabuntawa? Ana maganar tura rundunarsu waje na wasu watanni? Ba zai iya yanke miki rana ba, amma ya san abin da aka saba a fannin aikinsa, yana kuma da na gaba da shi da zai tambaya. Watannin da lissafin ya ba ku, ki cire 6 a ciki saboda halin ko-ta-kwana. Abin da ya rage shi zai nuna miki irin karatun da za ki shiga.

Dalilin wannan lissafi shi ne karatun nas a Amurka kashi biyu ne, ɗaya yana bin ki duk inda kika je, ɗaya kuwa ba ya ɗaukuwa. Na farko shi ne darussan share fage: ilimin sassan jikin ɗan'adam da yadda suke aiki, wanda akan raba shi zango biyu, da ilimin ƙananan ƙwayoyin cuta, da kemistiri, da ƙididdiga, da ilimin halayyar ɗan'adam, da rubutun Turanci. Waɗannan idan kin yi su a kwalejin gwamnati da aka amince da ita, wata makarantar a wata jihar takan karɓa. Na biyu shi ne ainihin shirin jinyar, inda ake ɗaukar ɗalibai rukuni guda, su tafi tare darasi bayan darasi, suna zuwa asibiti koyon aiki a gaban malama. Kowace makaranta da yadda ta jera nata, da asibitocin da ta yi yarjejeniya da su. Idan kika yi rabi aka ɗaga ku, makarantar sabon garin da wuya ta karɓi abin da kika yi. Yawanci sai ki sake neman shiga, ki sake daga farko. Kamar tuƙin tuwo ne, in an riga an yi talge ba a sauke tukunya a tafi neman wani murhu. Wannan asarar ce nake so ki kauce mata, domin ba kuɗi kaɗai take ci ba, tana karya zuciya, mace ta ce ta haƙura da karatun gaba ɗaya alhali ba ƙoƙari ta rasa ba.

To idan watannin da suka rage miki ba su kai 12 ba, ki tsaya a kan share fage. Ki yi su da kyau, domin da makinsu ake tace masu neman shiga, tare da jarabawar shiga da makarantu da yawa ke nema, TEAS ko HESI. Ki kula da abu biyu. Makarantu da dama ba sa karɓar darussan kimiyya da suka wuce shekara 5 ko 7, don haka kada ki yi su ki ajiye ki manta. Wasu kuma ba sa karɓar aikin ɗakin gwaje-gwaje da aka yi ta intanet, sai wanda aka yi a aji. Ki ajiye takardar tsarin kowane darasi da malami ya raba a ranar farko. Ita za ki nuna idan sabuwar makaranta ta ce ba ta san abin da aka koya miki ba. A wannan ɗan lokacin kuma kina iya yin kwas ɗin mataimakiyar nas, CNA, wanda makonni kaɗan ne. Albashinsa ba yawa, aikin da nauyi, amma zai sa ki saba da Turancin asibiti da yadda ake magana da maras lafiya a nan, zai kuma nuna miki ko ranki na son aikin tun ba ki zuba kuɗi ba.

Idan kina da wata 15 zuwa 18, akwai LPN, ƙaramar nas mai lasisi, wadda a Teksas da Kalifoniya ake ce wa LVN. Kusan shekara guda ake yi. Wasu daga cikinmu na raina ta, suna ganin ba ta kai a faɗa a gida ba. Ni ban yarda da wannan rainin ba. Lasisi ne na gaske, ana cin abinci da shi, kuma akwai shirye-shiryen da ke ɗaga mai LPN zuwa cikakkiyar nas cikin ɗan lokaci a garin da za ku koma.

Wadda ta iso sabon bariki da share fagenta a hannu, tana da shekara 3 a gaba, ita ce ke da damar da ta fi. A nan ra'ayina a fili yake: ta nemi ADN, karatun shekara 2 a kwalejin al'umma. Kusan duk babban bariki akwai irin wannan kwaleji kusa da shi, kamar Fayetteville Technical Community College kusa da Fort Bragg a Karolina ta Arewa, ko Central Texas College a garin Killeen, ko Tidewater Community College a yankin Norfolk inda sojojin ruwa suka fi yawa. Mai ADN da mai digirin shekara 4, wato BSN, jarabawa ɗaya suke zaunawa, NCLEX-RN, lasisi ɗaya kuma suke samu. Gaskiya ne manyan asibitoci da yawa sun fi son mai BSN, wasu ma sukan ɗauke ki da sharaɗin ki kammala shi cikin 'yan shekaru. Amma da zarar lasisin RN, wato na cikakkiyar nas, ya shiga hannunki, cikon zuwa BSN ana yin sa ta intanet, kina aiki kina karatu, ko a Kentaki kike ko a Jojiya. Wato ki gama abin da ba ya ɗaukuwa a zama ɗaya, ki bar mai ɗaukuwa ya bi ki.

Wadda ta zo da digiri daga gida, a kowane fanni, ta duba BSN na gaggawa, wanda ake yi cikin wata 12 zuwa 18. Ya dace da zaman soja ƙwarai ta fuskar lokaci, sai dai yana da tsada kuma ba ya barin mutum ya yi wani abu daban. Sai an tantance digirin naki tukuna ta hannun hukumomi irin su WES ko ECE, kuma jami'arki ce za ta aika musu da sakamakon kai tsaye, ba ke ba. Wannan yakan ja lokaci, ki fara yau. Wadda kuwa ta riga ta zama nas a Najeriya ko Gana ko Nijar, kada ta yarda a ce mata ta koma aji ɗaya. Hanyarta ita ce hukumar jinya ta jihar da take zaune, da tantance takardu, wanda yawancin jihohi ke yi ta hannun hukumar CGFNS, wadda yanzu ake kira TruMerit, da shaida daga hukumar nas-nas da ungozoma ta ƙasarta, sannan NCLEX. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci su shirya fassarar takardu da jarabawar Turanci.

Kafin ki dogara da lissafin shekara 2, ki tambayi makarantar sau nawa take ɗaukar ɗalibai a shekara, kuma ko akwai layin jira. Wata sau ɗaya take ɗauka, a rufe karɓar takardu watanni kafin a fara. In kin rasa wannan zagayen, shekara 2 ta zama 3. Shi ya sa da zarar maigida ya ji ƙishin-ƙishin ɗin inda za a kai ku, ki fara rubuta wa makarantun can, ki tura takardunki tun kuna ɗaure kaya.

In aka kai ku Jamus ko Japan ko Koriya ta Kudu, ki sa a ranki shekarun share fage ne. Akwai azuzuwan jami'a a cikin barikokin, amma koyon aiki a asibiti na neman lasisin farko ba abin da za ki dogara da samunsa ba ne a can.

Ki yi hattara da makarantun da ke cewa za ki zama nas ta intanet daga ɗakinki. Babu lasisin farko ba tare da awanni a gaban gadon maras lafiya ba. Masu gaskiyar cikinsu sukan koyar ta intanet su tura ki asibiti a jihohin da aka ba su izini kawai, don haka in kin koma jihar da ba su da izini, karatun ya tsaya. Ki duba da kanki cewa hukumar jinya ta jihar ta amince da makarantar, kuma ACEN ko CCNE, hukumomin da ke tantance ingancin karatun jinya, sun tantance shirin. A watan Janairun 2023 hukumomin Amurka suka bankaɗo wasu makarantu a Fulorida da suka sayar da takardun jinya na bogi sama da 7,600, kuma jihohi suka bi sawun waɗanda suka saya suna ƙwace lasisi. Duk wanda ya ce miki ya san gajeriyar hanya, ki yi masa sallama. Ke da ba ki daɗe da samun katin zama ba, abin da za ki rasa ya wuce lasisi.

Shi kansa lasisin na jiha ne, amma an sami sauƙi. Kimanin jihohi 40 suna cikin yarjejeniyar da ake kira NLC, wadda ke barin nas ta yi aiki a dukansu da lasisi ɗaya. Teksas da Bajiniya da Karolina ta Arewa suna ciki, Kalifoniya ba ta ciki. Tun Janairun 2023 kuma akwai dokar tarayya da ke sauƙaƙa wa matar soja amfani da lasisinta a jihar da aka mayar da mijinta, kuma rundunar kan mayar da kuɗin sake lasisi har dala 1,000 bayan canjin wuri. Ki ajiye rasit.

Ta fuskar kuɗi, akwai haƙƙoƙin da sababbin zuwa ba sa nema don ba wanda ya faɗa musu. Tallafin MyCAA na ba matan sojoji da suka cancanta har dala 4,000, yana biyan satifiket da lasisi da karatun shekara 2, amma ba ya biyan BSN, wanda shi ma wani dalili ne na farawa da ADN. Makarantun gwamnati dole su caje ki kuɗin 'yan jiha a jihar da mijinki ke aiki, kuma in aka ɗaga shi kika ci gaba da karatu ba yankewa, farashin bai canza ba. Mai katin zama na dindindin tana iya cike FAFSA don neman tallafin tarayya. Idan maigida ya yi shekara 6 a aiki kuma ya yarda ya ƙara 4, yana iya mayar miki da haƙƙin karatunsa na GI Bill. Masu ba da shawara na Military OneSource, shirin taimaka wa sojoji da iyalansu, kyauta suke yi, ki kira su.

Sai batun gida, wanda shi ya fi kayar da mata a wannan karatu, ba wuyar littafi ba. Ranar asibiti kan fara da sassafe, wani lokaci awa 12 cur, kuma fashi kaɗan ne ake yafewa. Gidan renon yara na bariki yana da layin jira, yana kuma rufewa da yamma kafin ki taso. Nan ba inna ba goggo ba ƙanwar miji. Ki sa sunan yaranki a layin tun ranar da takardar canjin wuri ta fito, ki kuma nemi wata matar a bariki ko a masallaci da za ku riƙa taimakon juna. Ki tsara karatun a kan cewa maigida ba ya nan, domin wata rana ba zai kasance ba. Maganar hijabi kuwa, yawancin makarantu da asibitoci na barin a sa, da riga mai dogon hannu a ƙarƙashin kayan aiki. Ki tambaya a rubuce tun farko. Ki kuma sani za ki yi jinyar maza, ba a zaɓar wa ɗaliba maras lafiya. Ku tattauna wannan da maigida kafin ki biya kuɗin zango.

In duk da lissafin takarda ta fito saura miki zango ɗaya ko biyu, kada ki yi saurin ajiye karatun. Iyalai da yawa sukan bar soja ya yi gaba, uwargida ta tsaya ta ƙarasa. Akwai tsarin sassauci kan gidan zama, wanda ke barin iyali su tashi a lokaci daban da na soja, da ya shafi kwana 180 kafin tashi da kwana 180 bayansa, wanda aka yi domin irin wannan hali na matar da ke karatu ko aiki, amma sai soja ya nema, ba a bayarwa haka kawai. Yana kuma iya roƙon a ɗaga masa ranar kama aiki, ko da yake ba tabbas a amince. Ki karɓo wasiƙa daga shugabar shirin jinyar mai ɗauke da ranar da za ki kammala, ya haɗa ta da takardar roƙonsa, ku kuma zauna ku lissafa kuɗin haya biyu na waɗannan watanni kafin ku yanke shawara.