Yadda za ka kare WhatsApp ɗinka daga masu kutse

Idan wani ya kira ka da sunan ƙungiyar 'yan Kasuwar Bacci, ya ce ka karanto masa lambobi 6 da suka shigo wayarka domin a saka ka cikin taro, katse kiran nan take, domin da lambobin nan ake ƙwace asusun WhatsApp. Haka aka yi wa maƙwabciyata a Tudun Wada, aka yi ta roƙon danginta kuɗi da sunanta, abin ya sosa mini rai.

Saboda haka ka shiga saitin manhajar, ka buɗe sashen asusu, ka kunna tantancewa mai mataki biyu (wato ƙarin kariya da lambar sirri), sannan ka zaɓi lambar sirri wadda ba ranar haihuwarka ba ce, ka haɗa da imel saboda ranar mantuwa.